Gurun Baballe Direba

A shekarun da gyaɗa ke tashe, lokacin da Tarauni ba ta wuce 'yan gidajen ƙasa a tsakiyar gonakin dawa ba, babu wanda garin ke taƙama da shi kamar Baballe direba. Dogo ne, baƙi, ga dariya kamar an biya shi ya yi. Shi ke jan babbar motar Alhaji Sanda, wadda ke kwana a wani gareji a Gyaɗi-Gyaɗi, bakin hanyar Zariya. A wancan zamani direba ba ƙaramin mutum ba ne. In ya shigo gari da hularsa a karkace, yana ƙamshin man fetur, dattawa ma sai sun matsa masa a tabarma ya ba su labarin Jos da Gusau.

Mahaifiyarsa, Inna Huraira, ta daɗe da ƙudurta niyyar zuwa Makka. Da bazarar 1955 ta kama, sai aka ji Alhaji Sanda zai ba da motarsa ta kai maniyyata Maiduguri kafin ruwa ya sauko ya ɓata hanya, daga can wasu motocin su wuce da su gabas. A ƙa'idar masu mota, direba yana da kujera ɗaya a gaba, kusa da shi, ya ba wanda ya ga dama. Sauran fasinjoji kuwa bodi ne, a kan katako, rana ta dake su ƙura ta bi da su. Baballe ya durƙusa a gaban Inna ya yi mata alkawari cewa kujerar nan tata ce, kuma shi da hannunsa zai tuƙa ta har Maiduguri. Kafin a kwana biyu babu gidan da labarin bai shiga ba, daga Tarauni har Daurawa da Unguwar Gano, don Inna ba ta iya riƙe abin daɗi a ciki.

To, sai bayansa ya ce bai san zance ba.

Dama ciwon ya daɗe yana yi masa sallama. Tun kakar bara yake jin wani abu na cizonsa a ƙugu, ɓangaren dama, in ya yi doguwar tafiya. Ya riƙa share shi. Amma ana saura kwana ashirin tafiya, ya sunkuya da safe zai wanke ƙafa a alwala, ya ji kamar an soka masa tsinke mai zafi daga ƙugu har cinya. A nan ya maƙale, hannu ɗaya riƙe da buta, ƙafa ɗaya a sama, har sai da matarsa Rabi ta fito daga madafa ta sauke shi a hankali kamar mai sauke tulu.

Kowa ya san abin da ke kawo ciwon baya a Tarauni, sai dai babu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Maƙwabcinsa ya ce sanyi ne, ya daina wanka da ruwan randa. Wata gwaggonsa ta ce tsallake ya yi, an binne masa wani abu a hanya. Isyaku wanzami ya zo da zabirarsa, ya danna wurin da babban yatsa har Baballe ya ambaci sunan kakansa, sannan ya ce mataccen jini ne ya taru. Ya kafa masa ƙaho shida, ya zuƙe, ya nuna masa baƙin jinin a ƙoƙo yana murmushi kamar wanda ya kama ɓarawo. Kwana ɗaya Baballe ya ji dama, kashegari ciwon ya dawo ya tarar da tsagar ƙaho, suka haɗu suka zama biyu. Rabi kuwa kullum tana gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi, ta bi da man kaɗanya. Nata ne kaɗai ke sa shi barci.

Har asibitin birni ya je, a bayan keken wani abokinsa, yana cije leɓe a kowane rami. Likita ya kwantar da shi a benci, ya ɗaga ƙafarsa, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya ce ƙashi lafiya lau yake, nama ne ya ɗaure. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage ɗaukar kaya masu nauyi. Abin da likita bai gani ba, saboda Baballe ya kwance shi a bakin ƙofa ya cusa a aljihun babbar riga don kunya, shi ne gurunsa. Ya lura kuwa a kan bencin nan ya ji wani sauƙi da ya daɗe bai ji ba, amma sai ya ɗauka kwarjinin likita ne. Yana fita ya mayar da abinsa ƙugu.

Gurun nan na mahaifinsa ne, marigayi Malam Jibo, bafatake wanda ya shekara talatin yana bin jakuna zuwa Gwanja ya dawo ko ƙaya ba ta taɓa kwantar da shi ba. Ɗamara ce ta jar fata, an cusa mata saiwoyi da ƙulle-ƙullen tsari. Ranar da Baballe ya fara jan mota Inna ta ɗaura masa da hannunta, ta ce kada ya kwance sai zai yi wanka. A lokacin siriri ne, bai fi kaurin yatsa biyu ba. Amma Baballe auta ne, kuma Inna ba ta yarda da mota ba ko kaɗan. Duk sanda ya ce wash, sai ta yafa mayafi ta nufi wurin wani mai magani, ta karɓo ƙulli, ta kai wa baduku ya naɗe da fata ya ɗinka a jikin gurun. Kuma ba ko'ina take sa a ɗinka ba. Ita a saninta magani a kan ciwo ake ɗora shi, don haka kowane sabon ƙulli daidai inda ke ciwon ake liƙa shi, a kan na jiya. Zuwa wannan bazara ƙullin sun kai tara, sun dunƙule wuri ɗaya sun yi kamar ƙwallon goriba uku a cikin jaka.

Ana saura kwana goma sha uku, Alhaji Sanda ya zo dubiya. Mutum ne mai kirki, amma ba ya wasa da motarsa. Ya tarar da direbansa a kishingiɗe yana cin tuwo a kwance.

"Baballe, rai talatin zan ɗora a motar nan," in ji shi. "Ranar Talata ta sama ka zo gareji. In ka hau da ƙafarka babu mai tallafa maka, ka kai ta Tarauni ka dawo, to sitiyari naka ne. In ba haka ba, sai in ba Ɗanjuma."

Baballe ya ce to. Ya san Ɗanjuma, ya san kuma yana da surukin da ke cikin maniyyatan, wanda tuni yake hararar kujerar gaba. Da ya tuna Inna a bodi, tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya a kan katako kwana uku, bayan ta gama gaya wa duniya ɗanta zai tuƙa ta, sai ya ture kwanon tuwon. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gangaren Jos da birki mai laushi. Inna da ke jin komai daga ɗakinta ta fito ta ce kada ya damu, ta ji labarin wani mai magani a Hotoro.

Da safe ya dogara sanda ya kama hanyar Gyaɗi-Gyaɗi, ya ce ko ba komai ya ga motarsa. Tafiyar da yakan yi kafin shayi ya huce, ranar sai da hantsi ya dubi ludayi. Ya tarar da ƙafafun Adewale bakanike sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Adewale mutumin Ogbomosho ne, ya fi shekara ashirin a Kano, Hausa a bakinsa kamar a Tarauni aka yanke masa cibiya. Ran Lahadi yakan hau keke ya tafi coci Sabon Gari, sauran kwana shida kuwa a ƙarƙashin mota yake yin su. Shi da Baballe sun saba, kullum cikin tsiya suke.

"Wa nake gani kamar kakan Baballe?" in ji Adewale yana fitowa. "Baba, ina jikanka direba?"

"Wale, bar wasa. Ina cikin wani hali."

"Na sani. Motarka ta gaya mini tun shekaranjiya. Zo ka gani."

Ya buɗe ƙofar direba. Kujerar ta katako ce, an shimfiɗa mata 'yar katifa. Ya nuna masa katifar: gefen hagu ya lotse ya zama kamar waina, gefen dama kuwa kamar ba a taɓa zama a kai ba. Sannan ya nuna allon da ake jingina. A ƙasa, ɓangaren dama, katakon ya yi wani ɗan kwarmi mai sheƙi kamar cikin ludayi.

"Ni ba likita ba ne," in ji Adewale, "amma katako ba ya lotsawa don kansa. Me kake ɗauke da shi a baya da ke cin allon Alhaji? Tuɓe riga."

Baballe ya waiwaya ya ga babu kowa, ya tuɓe. Adewale ya zagaya bayansa, ya duba, sannan ya fashe da dariya har da dafa mota.

"Direba, wannan kuma fa? Safayar taya ce ka ɗaura?"

"Gurun babana ne. Ka iya bakinka."

"Allah ya ji ƙan Baba. Tsaya yadda kake, kada ka gyara."

Ya ɗauko zare ya ɗaura noti a bakinsa, ya kama ɗaya bakin a tsakiyar ƙeyar Baballe, ya saki. Notin ya yi lilo ya tsaya. Maimakon ya bi kwarin gadon baya, sai ya sauka can gefe, tazarar yatsu huɗu. Adewale ya kama hannun Baballe ya kai masa ya shafa da kansa.

"Kai direba ne, ba ni amsa. In ka jibga buhu arba'in a gefe ɗaya na bodi, ka bi hanyar Gusau, me zai fara karyewa?"

"Sifirin da ke ɗauke da bodi," in ji Baballe a sanyaye.

"To kai ma sifirin gare ka. Wannan dunƙulen yana tokare ka, kai kuma kana kauce masa kana zama a kan cinya ɗaya, daga nan har Jos, shekara da shekaru. Kowane rami ya buga ƙwallon nan a ƙugunka kamar guduma. In ka kwanta ma a kansa kake. Yaya nama ba zai yi fushi ba?"

Baballe ya tuna bencin likita, ya sha jinin jikinsa. Adewale ya ce shi ma bayansa ya taɓa kama shi shekarun baya, ya faɗa masa abin da ya yi masa amfani: ya bar gadon kara mai rami a tsakiya ya koma tabarma a ƙasa, Rabi ta ci gaba da gashinta, kada ya wuni a kwance, ya riƙa takawa safe da yamma ko da a hankali ne. In zai ɗaga taya ya durƙusa da gwiwa, kada ya sunkuya kamar mai tsintar gyaɗa. In ya koma tuƙi kuma, duk garin da ya tsaya ya sauka ya zagaya motar sau uku. Amma kafin komai, a sauke lodin nan.

"Ba ka san Inna ba," in ji Baballe.

"Na san tawa. Duk ɗaya suke."

A hanyar komawa gida ya tsaya a gindin wata ɗorawa ya daɗe. Tunda yake bai taɓa saɓa maganar Inna ba, kuma ya san kowane ƙulli a cikin taran nan tafiyar ƙafa ce ta yi a cikin rana dominsa. Ya ji kamar zai ci amanarta. Amma ya tuna katakon bodi, ya sa hannu ya kwance. Da ya isa gida ya miƙa wa Rabi a ɓoye, ita kuma ta jefa shi a ƙasan wata babbar kwalla ta jera ƙananan a kai. Ta ce ita dama ta daɗe tana jin abin yana tokare mata hannu in tana gashi, amma wace ce ita da za ta yi magana a kan gurun surukinta.

Ba a kwana ɗaya aka warke ba. Kwana biyun farko har ya fara zagin Adewale a zuci. Rana ta uku ya sa takalmi da kansa. Rana ta biyar ya yi ruku'u sosai, ya daɗe a ciki don daɗi har liman ya kai sujada bai sani ba. Kullum safe da yamma yana takawa Gyaɗi-Gyaɗi ya dawo, Adewale na sakar masa zare da noti, notin kuwa kullum yana matsowa tsakiya. Inna ta ga ɗanta yana miƙewa, ta ce ai ta faɗa, ƙullin nan na tara ba na wasa ba ne. Baballe ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

Ran Asabar da hantsi yana tsakar gida ya durƙusa yana ɗaure akuya, sai ga Inna ta shigo, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanyar Hotoro, fuskarta cike da murna. Ta kwance bakin mayafi ta fito da wani ƙulli da ya kai ƙwan agwagwa.

"Auta, wannan na doguwar tafiya ne. Kwanto gurun in kai wa baduku yanzu, kafin ya tafi kasuwa."

Baballe ya dubi akuya, akuya ta dube shi. Rabi ta shige madafa da sauri kamar ana kiranta.

"Ba da kai nake ba? Ɗaga rigar."

Bai iya yi mata ƙarya ido da ido ba. Ya zauna a ƙasa ya faɗa mata duka, da kwarmin allo, da zare da noti, da kwallar Rabi. Inna ta saurara har ya gama. Murnar nan ta bar fuskarta gaba ɗaya, abin ya ba shi tausayi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Wato bakanike ya fi ubanka sani," in ji ta. "Rabi, miƙo mini kayana." Ta karɓi gurun ta rungume. A bakin ƙofar ɗakinta ta juyo. "Ka gaya wa Alhaji ya ba wani kujerar. Ni ba na shiga motar da direbanta ke tafiya tsirara."

Ranar ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Baballe ya ga ya gyara baya ya ɓata tafiya. Ya yi tunanin ya mayar da gurun kawai, in ya so ya mutu a kan sitiyari, amma ya san da shi a ƙugu ko matakalar motar ba zai hau ba ran Talata. Ta ko'ina ya duba, Inna ba ta gaban mota.

Lahadi bayan azahar ya fita takawarsa, jiki babu ƙwari. Ya dawo ana kiran la'asar. Tun daga zaure ya ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ba ya son maƙwabta su ji.

"Rabi. Ke Rabi. Zo nan, kada ki yi gudu."

Ya leƙa. Inna ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakinta, ta jingina da ƙyauren katako, mazari da abawa a cinyarta. Ta karkace gefe ɗaya kamar bukkar da iska ta tura. Ta dafa ƙasa za ta tashi, ta koma ta zauna tana salati. Rabi ta kama ta, garin ɗagawa zane ya ɗan zame, sai ga jar fata ta leƙo a ƙugun tsohuwa.

Ashe tun da aka idar da azahar ta ɗaura gurun, da dunƙulen a daidai inda Baballe ke sa shi, ta jingina da ƙyaure tana kaɗi, tana kuma jijjiga jikinta gaba da baya wai ita mota. Rabi ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Baballe ya shigo ya kama ɗaya hannun, suka miƙar da ita.

"Duk wanda ya yi dariya ban yafe ba," in ji Inna. Sai kuma ita ce ta fara, tana yi tana riƙe ƙugu tana wash, su ma suka saki tasu har akuya ta tsorata.

Da aka shimfiɗa mata tabarma, Rabi na gasa mata wurin da ruwan zafi, ta kira shi ya zauna kusa da kanta.

"Daga azahar zuwa la'asar kaɗai na yi," in ji ta. "Kai shekara nawa?"

"Inna, ai ba da gangan ba ne."

"Yi mini shiru. Ubanka a ƙafa ya yi yawonsa, bai san jingina ba. Gurun mai tafiya ne na ɗaura wa mai zama." Ta yi ajiyar zuciya. "Auta, in ka tafi da motar nan, ni nan ba ni da abin da zan iya yi maka. Ba na ganin hanya, ba na riƙe maka komai. In na karɓo ƙulli na kai aka ɗinka, sai in ji na yi wani abu, in samu barci. Shi ke nan fa."

Baballe ya kama hannunta. Son tsohuwar nan ya cika masa ƙirji har ya ji idonsa ya yi zafi.

Washegari ta aiki Rabi ta samo audugar rimi, ta ciro wani farin saƙi da ta kaɗa zarensa da hannunta, ta wuni tana ɗinki. Ta yi ɗan matashi mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ba tauri ba laushi, ta riƙa gwada shi a kwarin bayan Baballe tana ragewa tana ƙarawa har ya zauna daidai.

Ran Talata Baballe ya taka matakala ya haye mota kamar saurayi, matashin a bayansa. Ya kai ta Tarauni, ya danna ham a ƙofar gidansu sau uku, ya dawo. Alhaji Sanda ya ce alhamdulillahi, sitiyari nasa ne. Inna kuwa, wadda ta biyo motar zuwa gareji don ta ga bakaniken nan da idonta, ta miƙa wa Adewale gurun.

"Ɗan nan, buga ƙusa ka rataye shi a bayan kujera. Tunda ba ya zama a jikin direba, ya tsare motar."

"An gama, Inna," in ji Adewale yana rusunawa.

"A tsakiya fa. Kada ita ma ta karkace."

Ran Alhamis da sanyin safiya aka tashi. Rabin Tarauni sun fito rakiya, ana ta a yi mana addu'a a can. Inna ta zauna a gaba, ta gyara mayafi, tana ɗaga wa mutane hannu ta taga a hankali kamar dama a mota aka haife ta. Suna wuce Hotoro taya ta faɗa ramin farko. Baballe ya ji wani abu mai ɗumi ya ratsa tsakanin bayansa da allo. Hannun Inna ne.

"Inna, ai akwai matashi."

"Na sani. Dubi gabanka."

A Wudil ita ce ta tuna masa ya sauka ya zagaya motar sau uku. Wani dattijo a bodi ya ce su ma gara su fara motsa ƙafa tun yanzu tunda ɗawafi na jiransu, sai ga maniyyata sun sauko sun bi bayan direba a layi, mutanen kasuwa na kallo suna tambayar ko wani abu ne ya faɗi. Haka aka yi ta yi a kowane zango har Maiduguri, kuma bayan Baballe bai ce uffan ba.

A tashar Maiduguri aka sauke kaya aka mayar a wata tsohuwar mota mai zuwa gabas. Direbanta baƙo ne, kujerar gabansa da mai ita. Baballe ya ɗaga Inna ya ɗora ta a bodi, ya samar mata wuri a jikin katako. Ya tsaya yana dubanta, 'yar tsohuwa a tsakiyar ƙullin kaya, ga tafiyar makonni a gabanta a hanyar da bai taɓa bi ba, ba zai ga ramukanta ba, ba zai riƙe mata komai ba. Hannuwansa suka rasa abin yi. Ya shafa aljihu, ya gyara mata buta, ya sake gyara butar. Sai ya juya da gudu ya koma motarsa, ya dawo da matashin.

"Kai kuma bayanka fa?" in ji Inna.

"Rabi za ta ɗinka wani."

Ya hau taya, ya cusa matashin a bayanta, ya zagayo da ɗan gyalenta ya ɗaure a ƙugu don kada ya zame. Ya yi ƙulli ɗaya, ya ƙara na biyu, yana shirin na uku. Inna ta kai hannu baya ta shafa, ta dube shi, idonta ya kawo ruwa amma bakinta na dariya.

"Auta," in ji ta, "ka ɗaura shi a karkace. Kwance ka mayar tsakiya."